Nonon Hauwa, Sunan Zulai

Bana Hajji ya koma tsakiyar zafi, daidai inda na bar shi shekara talatin da uku da suka wuce. Haka watan Musulunci yake, kowace shekara yana ja baya har ya zagayo ya same ka a inda ya taɓa samunka, sai dai ya tarar gwiwoyinka sun lalace. Tun shigowar Zulƙida ban taka bakin titi ba. Bincike ya yi tsanani, ana tare mutane ana tambayar takarda, ni kuwa shekarata arba'in a Makka ban taɓa riƙe igama ba, wato takardar izinin zama. Ina ɗakina a saman tudun Tandabawi, ni da na'urar sanyaya ɗaki mai tari kamar tsohon mashayin taba. Idan na dafa bango da la'asar sai na janye hannu. Na san wannan zafin, kuma duk lokacin da ya shiga hancina Safiya nake tunawa.

Safiya 'yar majalisar dokoki ce a ƙasar Danmak. Na san za a ce tsohuwa ta fara ruɗewa, ina ruwan mai tuƙa tuwo a Tandabawi da majalisar Turawa. To, nonona ta sha har kwana ashirin da shida, kuma a addininmu jaririn da ya ƙoshi sau biyar ya zama ɗa. 'Yata ce. Sai dai ta tashi tana kiran sunan wata a matsayin matar da ta shayar da ita, kuma ni na jawo hakan da bakina.

Sunana Hauwa, daga wani ƙauye kusa da Gumel. Mun zo aikin Hajji da mijina Malam Sule muka ƙi komawa, yana dako a kasuwa, ina tuwo. A shekararmu ta bakwai, ina da tsohon ciki, aka kama shi aka mayar da shi gida. Ya aiko sau biyu cewa yana tafe. Bai zo ba, daga baya aka kawo mini labarin rasuwarsa. Na haifi Aminu a ƙarshen watan Azumi, a ɗakin ƙasa na gidan Zulai.

Zulai ce mai gidan. Kakanninta da ƙafa suka zo daga Katsina, ita kuwa a nan aka haife ta, tana da takardar 'yan ƙasa. Gajeriya ce mai jiki, mai faɗa da baki da kirki da hannu. Mu shida muke zaune a ƙarƙashinta, duk babu mai takarda, kuma muna da doka ɗaya da ba wanda ya rubuta mana: ba a kiran sunan yanka a gaban baƙo. Ita Ummu Najatu ce, da sunan babbar 'yarta. Ni Mai Tuwo. Idan kuma mutum ya zo riƙe da alƙalami yana tambayar suna, to sunan Zulai za a ba shi. Ɗakin da nake kwana da sunanta yake, wutar lantarki da sunanta, saƙon da ke zuwa daga gida da sunanta. Mun saba har ba ma jin ƙarya muke yi.

Zafin shekarar ya fara tun kafin ƙaramar Sallah. Iska takan taso daga duwatsu kamar an buɗe murfin tukunya. Tattabaru su taru a inuwar bango baki a buɗe, ko ka zo kusa ba sa tashi. Silifas yakan manne a kwalta, ka ɗaga ƙafa ka bar shi a baya. Ruwan famfo ya ɗauke a unguwarmu, motar ruwa kuma ba ta iya hawa tudu, sai ta tsaya a ƙasa. Da an sallame asuba mu sauka da jarkoki mu bi layi, kowace ta hau da biyu, ta sauko ta ƙara. Kafin rana ta fito sosai mun wanke shinkafa, mun jiƙa ta. Daga nan a kunna murhu huɗu a tsakar gida. Biyu suna tuƙi, ɗaya tana kaɗa miyar kuka, ɗaya tana dakan daddawar da alhazai ke kawo mana daga gida, sauran suna malmala. Kafin azahar mun ɗora robobi a ka mun nufi masaukin alhazai. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka da shi ake yayyafa wa tsakar gida. Wanka kuwa da buta ɗaya, kuma ba kullum ba.

A cikin wannan zafin Aminu ya kamu da gudawa. Na riƙe shi kwana uku a ɗaki ina ba shi jiƙo, domin na san a asibiti abin da ake fara tambaya suna ne. A rana ta huɗu Zulai ta shigo ta gan shi, ta zage ni tas, ta naɗe shi cikin abayarta ta tafi da shi a matsayin ɗanta. Mun makara. Takardar binne shi ma Aminu ɗan Zulai aka rubuta. Ban yi gardama ba, ba ni da bakin yi.

Washegari na koma bakin murhu, don zama a ɗaki ya fi tuƙi ciwo. Abin da ya ƙi yarda cewa yaron ya tafi shi ne ƙirjina. Ya cika ya yi tauri, ya riƙa zuba. Nakan ɗaure shi tamau da tsohon zane, amma kafin in gama tukunya ɗaya rigata ta jiƙe, ta bushe, ta yi tsami. Matan gidan suna gani, suna kau da kai.

Kwana goma sha biyu da rasuwarsa baƙi suka sauka a ɗakin sama. Mariama mutuniyar Damagaram ce, siririya mai sanyin murya. Mijinta Bature ne ɗan Danmak, ya musulunta a can ƙasarsu Mariama inda yake aikin haƙa rijiyoyi, ana kiransa Yusufu. Yana jin Hausa irin ta masu rijiya, da ƙarfi kamar yana kiran wanda ke cikin rami. Mariama ce ta nace sai su zauna inda za ta ci tuwo ta ji harshenta. A hannunta akwai jaririya 'yar wata uku, ja kamar gauta, kanta babu gashi. Na kalle ta sau ɗaya na ɗauke ido.

A kwana na uku rana ta kayar da Mariama a hanyar dawowa daga Harami. Zazzaɓi ya rufe ta, ko ruwa ta sha sai ya dawo, nononta ya ƙafe. Yusufu ya sayo madarar gwangwani kala uku, yarinya ta ƙi su duka. Yini guda muna jin kukanta daga tsakar gida. Washegari da hantsi kukan ya koma siriri kamar na mage. Na san wannan kukan. Na ajiye muciya na shige ɗaki na toshe kunnuwana.

Zulai ta bankaɗo labule.

"Yalla, Hauwa, tashi. Yarinyar can za ta mutu, ke kuma ga rigarki a jiƙe."

Na ce, "Nonon Aminu ne."

"Aminu ya ƙoshi a inda yake. Halas, ya isa, tashi kafin in ɗaga ki."

Na hau benen ina jin haushin kowa, har da jaririyar. Mariama tana kwance idonta a rufe. Yusufu ya miƙo mini 'yar, ya juya ya fita ba tare da an ce masa ya fita ba, abin da ya sa na fara ganin girmansa. Na kwance zanen. Ta kama da ƙarfin da ban zata tana da shi ba, zafi ya tsarga mini har cikin haƙora. Na yi ta kuka, ita kuma ta yi ta sha. Da ta ƙoshi ta saki, ta yi gyatsa, ta riƙe mini ɗan yatsa ta yi barci.

Daga ranar aikina ya zama biyu. In tuƙa, a kira ni, in wanke hannu in hau bene, in sauko in ci gaba. Daga baya na gaji da hawa da sauka na goya ta. Matan gidan suka sa mini suna Uwar Baturiya, suna cewa in yi hankali kada ta narke a bayana. Rabona da jin dariya a gidan tun kafin Aminu ya kwanta.

Ranar Arfa ita ce ba na mantawa. Kowace shekara wani mai kula da alhazai yakan ɗauke mu girki a can, Zulai ce shugabar tawaga. An kai Mariama a mota tana kwance, domin duk wanda bai tsaya a filin ba ba shi da Hajji. Ni kuma ina rumfar girki a bayan tantuna, Safiya a bayana, na rufa mata mayafi kada farin kanta ya jawo mini ido. Tukwanen shinkafa guda huɗu, kowace mutum zai iya zama a ciki. Sama wuta, ƙasa wuta, ga wutar murhu. Kafin azahar ƙanƙara ta ƙare, motar da za ta kawo wata ta maƙale a cunkoso. Ruwan da ya rage aka ce na alhazai ne, mu masu girki kofi ɗaya-ɗaya har zuwa la'asar. Na shanye nawa, na sa Safiya a nono, ta ja ta ja ta saki tana kuka. Babu komai a ciki.

Ban roƙi kowa ba. Wata tsohuwa 'yar Sakkwato da muke aiki tare, wadda ko gaisuwar kirki ba ma yi saboda wani tsohon faɗa a kan ludayi, ita ta fara miƙo mini kofinta.

"Sha. Ba don ke ba."

Sauran suka bi, kowace ta zuba mini rabin nata. Na sha ina kallon leɓunansu a tsage. Bayan ɗan lokaci na ji ƙirjina ya motsa. Na zauna a bayan buhunan shinkafa ina shayar da ita, daga nesa ina jin gunjin addu'ar alhazai kamar ruwan sama yana tahowa. Kowa yana roƙon abin da ya kawo shi. Ni a ranar ban roƙi gafara ba, ban roƙi takarda ba. Cewa na yi, ya Allah, wannan kam ka bar ta.

Bayan Sallah Mariama ta fara tashi, nononta ya dawo a hankali. Muka riƙa karɓa-karɓa, ita da safe ni da rana, har ya zama ba a bukatata. Ta kan kira ni Yaya. Wata rana ta ce, "Yaya, ke ba kya yi mini dariya, sai ita." Na ce ai ita ce ba ta tambayata komai.

Ranar tafiyarsu Yusufu ya sauko tsakar gida da ɗan littafi da alƙalami. Ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Hajiya, malamina ya koya mini cewa nono zumunci ne, kuma dole a kiyaye shi. Ina so in rubuta sunanki, don idan ta girma ta san uwarta."

Mutumin alheri yake nufi, ko yaro ya gani. Amma idona a kan alƙalamin yake. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

Na ce, "Zulai."

Ya rubuta yana maimaitawa. Zulai tana tsaye a gefe tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya nemi ya ɗauki hotona na ƙi. Na raka su iyakar ƙofar gida, na miƙa yarinyar, na koma na ɗaure ƙirjina karo na biyu a shekara ɗaya.

Wasiƙu sun zo shekara huɗu a jere, da sunan Zulai, kowace da hoto. Yarinya tana rarrafe, yarinya a cikin ƙanƙara sanye da riga kamar buhu. Zulai takan kawo mini ta ce mu sa a rubuta amsa, in ce gobe. Suka gaji suka daina.

Sai kusan shekara goma da suka wuce na sake ganinta. Lokacin Zulai ta tsufa ta koma wajen 'yarta Najatu a unguwar Shisha, a wani bene mai na'urar hawa, ni kuma na dawo wannan ɗakin. Na je gaishe ta, na tarar da su sun haɗa kai a kan waya. Wani shirin Hausa ne yake hira da wata budurwa da aka zaɓa kansila a wani gari a Danmak. Hausarta tana ɗingishi, irin ta Damagaram. Ta ce mahaifiyarta ta faɗa mata cewa da ba don wata mata a Makka mai suna Zulai ba, da ba ta kai wata huɗu a duniya ba.

Zulai ta yi dariya har da tari. "Ga 'yarki nan tana kirana a duniya. Hauwa, ki bari Najatu ta aika mata."

Na ce a'a. 'Yar siyasa ba ta tafiya ita kaɗai, duk inda ta sa ƙafa akwai masu alƙalami da masu hoto a bayanta.

Amma daga ranar na zama 'yar jam'iyyar da ban iya faɗin sunanta ba. Najatu ta saya mini waya, ta koya mini inda zan danna. Ba na jin yarensu ko kalma ɗaya, ji nake kamar suna magana da dankali mai zafi a baki. Fuskarta nake karantawa, abin da ya gagare ni Najatu ta fassara mini idan ta sami sarari. Na ga Safiya tana raba takardu a bakin kasuwa cikin ruwan sama. Na gan ta tana zuwa aiki a kan keke, na ce wannan wace irin ƙasa ce, a garinmu ko mai ɗaukar wa kansila jaka ya fi ƙarfin keke. Da ta nemi kujerar majalisar ƙasa karon farko na yi bakance, na ɗauki azumi ranar zaɓensu. Ta faɗi. Na sha ruwa ni kaɗai ina zagin mutanen Danmak ɗaya bayan ɗaya. Karo na biyu na ƙara azumin zuwa uku, ta ci.

A majalisa maganar tsofaffi ta riƙe. Najatu ta ce a can akwai waɗanda ke zaune su kaɗai a ɗaki, sai a yi kwanaki ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, Safiya kuma tana faɗa a kan a riƙa leƙa su. Na ce Allah sarki, na dubi ƙofata. Wasu sun zage ta, sun ce ita ba 'yar ƙasa ba ce ta gaske, ta koma inda uwarta ta fito. Wannan kam ba sai an fassara mini ba. Akwai shekarar da jam'iyyarta ta ba ta muƙamin mai magana da yawunta, sannan aka bukaci ta fito ta yabi wani shiri na rage masu kula da tsofaffi. Ta ajiye muƙamin ta koma kujerar baya, ta ce ba za ta faɗi abin da ta san ba haka yake ba. Da wannan aka san ta, har abokan adawa suna cewa yarinyar ba ta ƙarya. Ni da na yi rayuwata da sunan aro, na yi ta jin daɗi kamar ni na koya mata.

Zulai ta rasu shekara huɗu ke nan. Mariama ma ta rasu, na gani a fuskar Safiya kafin Najatu ta faɗa mini. Tun daga nan babu wanda nake hira da shi a kan wancan zafin. Matan tsakar gidan wasu an mayar da su, wasu sun mutu. Tuwon ma yanzu a shago ake sayarwa cikin roba, ruwa kuma yana zuwa har ɗaki, sai dai babu wadda zan miƙa wa kofi.

Kwana biyu bayan an gama jifa, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Najatu ce, tana magana ƙasa-ƙasa. Tana kirana Hala, kamar yadda 'yan nan ke kiran ƙanwar uwa.

"Ya Hala, tana falona. Wallahi Safiya tana falona. Ta zo Hajji, ta bi masu shago a Tandabawi tana tambayar gidan Zulai, suka turo ta nan. Na ce mata Ummi ta rasu, ta yi kuka. Ba'aden, daga baya, na nuna mata hoton Ummi. Ta ce mamanta ta faɗa mata Zulai doguwa ce mai tsage a kumatu. Hala, me zan ce? Gobe jirginsu."

Na tambaya, "Ita kaɗai ce?"

"La, a'a. Akwai wata 'yar jarida daga ƙasarsu, Musulma, tana ɗaukar tafiyar duka."

Na ga fuskata a wayoyin mutane, na ga an hau tudun nan an ƙwanƙwasa, na ga kaina a jirgi zuwa ƙauyen da duk wanda ya san ni yana ƙarƙashin ƙasa. Abu ɗaya ya rage mini da nake so a duniya, a binne ni a garin da aka binne Aminu. Amma shekara talatin da uku ina jiran in ga yadda take a tsaye.

Na ce, "Kawo ta ita kaɗai. Ki ajiye ta a gindin tudu."

Ta hau da ƙafa cikin ranar azahar. Na ji takunta a matakala, tana tsayawa tana haki. Da ta yi sallama ta cika ƙofar, doguwa, fuskarta ta yi jajur, kanta jiƙe da zufa ya manne da ɗankwali. Ta dubi kumatuna. Ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina wuni?"

Na kama kanta na sa a cinyata. Muka daɗe a haka.

Na zuba mata tuwo, ta ci da hannu tana zubarwa, na ce ashe majalisa ba ta koyar da loma. Ta yi dariya. Na faɗa mata komai, Aminu, takardar binne shi, kofunan Arfa, da dalilin sunan. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai na ga fuskar nan da na sani a waya ta dawo, fuskar da take yi idan za ta miƙe a majalisa. Ta buɗe jaka ta zaro alƙalami.

"Inna, wannan aikina ne. Na san mutane. Zan rubuta wasiƙa, zan bi ta har ƙarshe. Faɗa mini sunanki duka."

Na ce, "Mayar da shi jaka."

"Amma Inna..."

"Takarda tana da ƙafa, Safiya. Ba ki san hannun da za ta kwana ba. Idan ta yi kyau, to. Idan ba ta yi ba, ke za ki koma majalisa, ni za a kai ni Gumel in mutu a cikin baƙi. Sunana Hauwa. Ki riƙe shi a bakinki, kada ya taɓa takarda."

Ta maimaita shi sau biyu, a hankali. Ban taɓa jin daɗin sunan kamar ranar ba.

Sai ta ce, "To me zan ce wa mutane? Shekara goma ina ba da labarin nan. Sun san na zo nemanki, suna jira."

"Ki ce Zulai ta rasu. Ai ta rasu."

"Za su ji cewa wadda ta shayar da ni ce ta rasu. Ban taɓa yi musu haka ba, Inna."

Na sani. Na fi kowa sani, har azumi na yi a kai. Na ji kunya ta rufe ni, amma ban janye ba. Na ce, "Ni ma ban taɓa roƙon ki komai ba."

Ta daɗe tana kallon tabarma. Sannan ta mayar da alƙalamin.

Awa ɗaya da 'yan mintuna muka yi. Ta nemi lambar wayata, na ce ta riƙa bi ta hannun Najatu. Na raka ta iyakar bakin matakala, na tsaya ina jin takunta har ya ɓace. Ɗakin da na saba da shi shekaru ya yi mini girma.

Alhazai sun watse, bincike ya yi sauƙi, zafi kuma yana nan. Jiya Najatu ta turo mini wata hira, shirin Hausar nan da ya fara nuna mini ita. Safiya tana zaune a ofishinta, ga ruwan sama a taga. Aka tambaye ta zaɓe mai zuwa, aka tambaye ta tsofaffi, ta amsa tana kallon mai tambaya ido cikin ido kamar kullum. Can ya ce, "Honarabul, matar nan ta Makka da ta shayar da ke, kin same ta kuwa?"

Ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ta yi haka a gaban jama'a ba.

Ta ce, "Na tarar Zulai ta rasu."

Mai tambaya ya ce Allah ya jiƙanta, ya saka mata da Aljanna. Safiya ta motsa baki, amin ɗin bai fito ba. Ni na faɗa mata shi daga nan. Sannan na kife wayar, na tashi na ɗora ruwan shayi na mutum ɗaya.